Baƙar Leda a Firjin Lab

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Yau Amarya ta kawo min sakamakon gwajinta, kuma yau na tabbatar yarinyar nan ba ta da ta ido. Shekara tara tana auren ƙanena Auta, har gobe Amarya ake ce mata a gidanmu, tunda ba ta haifo wanda za a ce mata Maman wane ba. Ni na jawo ta sashenmu a jami'a, ni na sa hannu aka ba ta gurbin digiri na uku a ƙarƙashina, don Auta ya roƙe ni. Na ce to, tunda cikin ya ƙi, bari kan ya yi aiki.

Ta shigo ofis rungume da hotunan gwaji, ta rusuna kamar mutuniyar kirki, ta ce, "Dakta, makarɓin ba ya kan tsibiri."

Bari in rubuta yadda nake faɗa wa 'yan aji biyu, ko zuciyata ta ɗan huce. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani. Sinadarin haihuwa yana zuwa ta cikin jini, bai isa ya kutsa ciki ba, sai ya tsaya a jikin tantanin, makarɓi ya karɓi saƙonsa ya miƙa ciki. Tantanin kuma ba bai ɗaya yake ba, akwai wuraren da kitse ya taru ya yi kauri, mu muna ce musu tsibirai. Tun Amarya tana sakandare na buga takarda na ce makarɓin a kan tsibiri yake zaune, ko sinadari ya zo ko bai zo ba. Da wannan takarda aka san ni. Ita ce a saman fayil ɗina da ke hannun masu tantance ni don kujerar farfesa yanzu haka.

Yau kuma wai a waje yake yawo, sai sinadari ya taɓa shi sannan ya hau tsibirin. Inji matar ƙanena!

Na ce mata ƙanƙararta ce ta narke. Aikin nan a kan ƙanƙara ake yinsa daga farko har ƙarshe, samfur yana jin ɗumi tsibiran sun watse. Ta ce, "Dakta, da ta narke ai wanda na sa wa sinadarin ma ba zai fito ba." Ka ji min rainin wayo. Na ce ta koma kwata ta kwaso gidan ƙwan shanu ta sake tun daga farko.

Laraba, 6 ga wata, bayan la'asar

Auta ya zo ɗaukarta. Kwanan nan ya tsiro da wannan, Litinin, Laraba, Juma'a, sai ka ji motarsa a ƙarƙashin tagata. Ya leƙo ya ce, "Yaya, sannu da aiki," na ce zo nan in gan ka. Yaron nan gemu yake tarawa! Mutumin da ya kai talatin da biyar haɓarsa sumul kamar ta jariri, muna tsokanarsa da ɗan bebi, yau ga gashi baƙi ƙirin. Har muryar ta yi kauri. Na ja gemun, ya yi dariya ya kauce. Ni na goye shi bayan rasuwar Babanmu, ni na kai shi makaranta ranar farko yana kuka yana riƙe da zanena. Duk duniya ba wanda yake ce min Yaya in ji har cikin raina irin shi.

Daga nan suka shige ƙaramin ɗakin haɗa sinadarai shi da ita, suka turo ƙofa. Soyayya a lab. Da soyayya tana haihuwa da yanzu sun cika gida.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

A jikin firjin lab akwai takardar da na manna da hannuna tun da daɗewa: duk abin da aka ajiye a rubuta suna a kai, wanda ba suna ba mai shi. Kowa a sashen ya san wannan doka, har Shugaban Sashe ya taɓa rasa madararsa a kanta.

Ina neman wurin ajiye samfurina sai ga wata baƙar leda can ƙurya, a bayan kwalabe, an naɗe ta da salatif, ba suna. Na buɗe. Alluran haihuwa ne, irin masu kama da biro, a jere cikin kwalinsu. FSH, sinadarin da ke nunar da ƙwai, wanda na ƙarar da ƙuruciyata ina bin makarɓinsa. Ga kuma wani kala na biyu, har ya fi na farkon yawa. Ban taɓa ganin an rubuta wa mace shi da yawa haka ba, da alama likitanta ɗan koyo ne.

Ashe abin da ake shiga ƙaramin ɗaki a yi ke nan. Tana soka wa kanta allura, ƙanena yana riƙe mata hannu.

Na mayar na naɗe yadda na gan ta.

Asabar, 9 ga wata, da azahar

Na je gidan Auta gaida Inna. Tun da ƙafarta ta matsa mata a can take zaune. Unguwar ba wuta, taransifoma ta ƙone tun watannin baya, firjinsu ya zama kabad ɗin da Inna ke ajiye kofunanta. Inna ta fara waƙarta ta kullum: "Yaran yayarka uku, kai ko ɓari ban taɓa jin an yi a gidan nan ba." Auta ya tashi ya fita duba mota.

Na bi Amarya kicin na ce, "Na ga kayanki a firjina."

Ta saki ludayi. A gida Anti take ce min. "Anti, don girman Allah ki rufa mana asiri. Ba a samunsa a nan, sai da muka yi wata huɗu muna jira kafin ya iso. Likita ya ce kada a tsallake ko sau ɗaya har gwajin ƙarshen wata. Wannan ne na ƙarshe, in bai yi ba mun haƙura."

Na ce wace irin allurar ƙwai ce ake yin wata da watanni ana yi? Ta sunkuyar da kai. Na ce to ki rubuta sunanki a kai, doka ce. Ta ce, "Ba zan iya ba, Anti." Kunya wai. Kunyar da ba ta hana ta ƙaryata takardata ba.

Talata, 12 ga wata, da hantsi

Ta sake gwajin. Tun asuba ta je kwata, ta dawo tana ƙarnin jini, ta wuni hannunta cikin ƙanƙara har yatsun suka yi fari. Ta kira mai kula da lab ya tsaya a kanta yana duba ma'aunin sanyi, wai don ya zama shaida. Shaida a kaina, a lab ɗina!

Abu ɗaya ya fito. Kwalaben sama, inda tsibiran ke tasowa bayan an juya samfur a inji, wayam. An sa sinadari, ga makarɓi ya bayyana a cikinsu.

Na ce kada ta kuskura ta nuna wannan a semina ranar Alhamis. Ta nuna babi na ɗaya da na biyu ta zauna. Ta ce to.

Laraba, 13 ga wata, da yamma

Mota ta zo. An turo ƙofa. Ledar tana nan, ba suna.

Alhamis, 14 ga wata, bayan semina



Amarya ta nuna babi na ɗaya da na biyu kamar yadda na ce. Ta gama, an tafa. Sai Shugaban Sashe, wanda bai taɓa ƙaunar ganina a kujerar farfesa ba, ya gyara tabarau ya ce, "Malama, ina labarin tsibiran Dakta? Kin same shi a inda ta ce?"

Abin da za ta ce ba shi da wuya. Ana kan aiki, shi ke nan. Yaro ma ya san wannan. Sai ta tsaya tana kallon ƙasa, ta ce, "Ban same shi a can ba, ranka ya daɗe. Sai an sa sinadari yake hawa."

Ɗalibai na leƙen fuskata. Shugaban Sashe ya ce, "Ikon Allah," yana murmushi har kunne, ya ce lallai wannan abin bugawa ne, kuma da wuri.

Na miƙe. Na ce sakamakon ɗalibi ɗaya a kan shanun kwata ba ya rushe aikin shekaru. Na ce kuma a tuna, ba kowace ƙwaya ce ke amsa kira ba. Akwai wadda ko bokiti guda na sinadari ka juye mata ba za ta motsa ba, ba laifin sinadarin ba ne, gidan ne ba kowa a ciki. Na dube ta na ce, "Mai gabatarwa ta fi ni sanin wannan."

Wasu matan suka rufe baki. Wani daga baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ita kuwa ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Na gode, Dakta." Ko hawaye ba ta yi ba. Da ta yi kuka da na ji sanyi.

Na yi mata gata, ta tsaya gaban maƙiyina ta tuɓe min zane. Wallahi na tsane ta. Na rubuta, na tsane ta.

Juma'a, 15 ga wata, gab da magariba

Sun shiga, sun fito, sun tafi. Na gyara firji.

Asabar, 16 ga wata, da rana

Ciwon kai. Baban yara ya ce me ya same ni, na ce aiki. Ban zubar da komai na kowa ba. Doka ta ba ni damar zubarwa, ban zubar ba.

Lahadi, 17 ga wata, da safe

Firiza ma ai wurin sanyi ne.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Tun daga ofis nake jin ƙarar kwalabe. Amarya ta fito da komai na firjin ta jera a kan benci, ta mayar, ta sake fitarwa. Ta zazzage kwandon shara da hannunta ba safa. Ta zo ƙofata ta tsaya, ni kuwa ban ɗago ba.

Mai kula da lab ne ya gano ledar wajen azahar, a babban firiza, mai sanyin tamanin ƙasa da sifili, inda muke ajiye naman gwaji. Mu biyu ke da makullinsa, ni da shi. Ya miƙa mata ledar, ya dube ni, ya ce zai je salla.

Ledar ta ƙage kamar dutse. Da ta buɗe, gilashin wasu ya tsage, ruwan ciki ya zama farar ƙanƙara. Ta ɗauki ɗaya ta dunƙule a tafin hannunta tana hura masa iska, kamar wadda ta tsinci ɗan tsako a ruwan sama. Ta san abin da ke rubuce a jikin kwalin, kada a bari ya daskare, ni ma na sani. Duk da haka ta zo ta durƙusa a gabana.

"Dakta, in ya narke zai yi?"

Na ce, "Ke ce mai sabon ilimi. Ki gwada ki buga mana."

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa lura idanunta manya ne ba sai yau.

Mota ta zo da la'asar. Ban ji an turo ƙofar ƙaramin ɗaki ba. Na leƙa ta taga na ga Auta zaune a mota, ita tana tsaye tana yi masa magana ta gilas, ledar a hannunta tana ɗigar da ruwa. Bai hawo ya gaishe ni ba.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Ba ta zo ba. Shugaban Sashe ya ce ta nemi hutu, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce matsalar gida ce irin ta mata.

Na faɗa mata a kicin, da bakina. Da ta rubuta suna.

Laraba, 20 ga wata, bayan la'asar

Ba mota. Na kira Auta, tana ta ƙara bai ɗauka ba. Ta riga ta kai ni gabansa ke nan. Bari ya zo, ni ma ina da baki.

Alhamis, 21 ga wata, da azahar

Ya zo. Bai leƙo yana dariya ba, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo. Na shirya masa magana tun jiya: seminar, cin fuskar, dokar firji, shekara tara da ya yi yana kashe kansa a kan mace ɗaya. Na fara, ya ɗaga hannu.

"Yaya, ba nata ba ne. Nawa ne."

Na ce naka ne me?

Ya ce alluran. Ya ce tun shekara ta uku da aurensu aka auna su, ita lafiyarta lau. Shi ne jikinsa ba ya aika sinadarin tun yana yaro, shi ya sa gemun bai fito ba. Ya ce ya yi shekaru yana ƙin magani, don ba ya son ko likita ya ƙara kallonsa. Ita ta yi ta lallashinsa har ya yarda, ita ta koyi yin allurar, ita ta ce a bar mutane su ci gaba da cewa ita ce. Ya ce a gwajin watan jiya likita ya kira su ya nuna musu a madubin gwaji, an fara ganin 'yan ɗaiɗaikun ƙwayoyin maniyyi suna motsi. Bai taɓa ganin nasa ba sai ranar.

Ya faɗi wannan yana kallon kalandar bango.

Na ce zan nemo wani. Ina da mutane a waje, zan rubuta musu yau ɗin nan, in ya so a ɗora daga inda aka tsaya. Ya ce likita ya ce kafin wani ya iso an koma baya, sai dai a faro daga tushe. Ya ce, "Na riga na faɗa mata in wannan ya ƙare na gama. Ba zan ƙara kwance wando a ɗakin sinadarai ba, Yaya. Na gaji."

Na jira ya tambaye ni wa ya sa ledar a firiza. Na tanadi amsa. Bai tambaya ba. Ya miƙe ya gyara kujerar da ya zauna a kai, ya fita.

Juma'a, 22 ga wata, da safe

Yau darasin 'yan aji biyu. Inda makarɓin yake a jiki. Na zana gidan ƙwan mace a hagu, na zana marainan namiji a dama, kamar yadda nake yi duk shekara. Alli ya karye, na ce su karanta sauran a littafi.

Asabar, 23 ga wata, da rana

Wace irin mace ce za ta bari a zage ta gaban sashe guda ba ta buɗe baki ba? Da ta faɗa min a kicin. Munafunci ne, ba haƙuri ba. Ita ta jawo.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da su a falo. Auta ya aske gemun tas, ya koma ɗan bebinsa, sai dai ba wanda ya tsokane shi. Amarya ta rame, tana zuba wa Inna shayi.

Inna ta ce, "Kwana biyu gidan nan kamar an yi mutuwa, ba mai gaya min komai. Ke da kika yi karatun abin nan har gashinki ya yi fari, ki faɗa min tsakaninki da Allah. Yarinyar nan za ta haihu ko ba za ta haihu ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. Na ga jijiyar wuyansa tana bugawa, kamar ranar da na kai shi makaranta.

Na ce, "Inna, sai addu'a. Wasu matan haka Allah ya yi su."

Inna ta ce ai dama ta sani, tun ranar da aka kawo ta ta ga ƙugun ba na haihuwa ba ne. Ta ce Allah ya ba ɗanta ladan haƙuri. Amarya ta miƙa mata kofin da hannu biyu, ta ce, "A yi hankali, Inna, da zafi."

Ita ta rako ni bakin ƙofa. Na zaci yanzu za ta amayar da abin da ke cikinta, har na gyara tsayuwa. Sai ta ce, "Na gode, Anti. Haka nake so ki faɗa mata." Ta ciro makullin lab daga jakarta ta sa min a hannu. Ta ce samfuranta suna firiza, layi na biyu, duk da suna a jiki, in yi yadda na ga dama da su.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

Shugaban Sashe ya shigo da kansa, fuska ba yabo ba fallasa, ya ce masu tantancewa sun amince. Sun yaba takardar tsibirai musamman. Ɗalibai sun cika ofis, an kawo lemo, mai kula da lab ya yi min barka daga bakin ƙofa bai shigo ba.

Da aka watse na kira Auta. Wannan karon ya ɗauka. Na faɗa masa.

Ya ce, "Barka, Farfesa."

Na ce, "Auta, Yayarka ce fa."

Ya ce, "Na gane muryar, Farfesa. Allah ya sanya alheri." Ya kashe.

Juma'a, 29 ga wata, bayan la'asar

Na tsaya a taga har masu shara suka tashi. Da ta rubuta suna.